Ma'anar "juriya" da yadda ake karkatar da ita a zango

Tun da hauhawar farashi a Gana ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a watan Disamba na 2022, kalmar juriya ba ta sauka daga bakin masu shirye-shiryen rediyo da 'yan siyasar da ke leƙo zango ba. Ana yabon matan unguwannin Nima da Mamobi na Accra da ita, amma wanda ya kasa kunne zai gane cewa abin da ake nufi shi ne su yi shiru su ci gaba da ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinsu. An cakuɗa ta da haƙuri, kuma cakuɗin yana yi wa masu mulki daɗi, domin mai haƙuri ba ya neman komai a wurinsu.

A wurin masana halayyar yara, juriya ita ce iya farfaɗowa bayan wahala a ci gaba da rayuwa mai kyau, kuma tana da abubuwan da ke gina ta. Masaniya Emmy Werner ta bibiyi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na Amurka har suka manyanta. Kusan kashi ɗaya cikin uku sun taso cikin talauci da rikicin gida, amma daga cikinsu wajen ɗaya bisa uku sun zama manya natsattsu masu riƙe kansu. Cikin abubuwan da suka fi bambanta su da sauran akwai samun babban mutum ko da guda ɗaya, kaka ko goggo ko malami ko maƙwabciya, wanda ya tsaya musu bai gaji ba. Wannan shi ne ɓangaren da masu jawabi ke tsallakewa, alhali mu da muka tashi a gidan yawa mun san shi tun kafin a rubuta shi.

Dokar haya ta 1963 ta hana mai gida karɓar kuɗin fiye da wata shida a gaba, amma a Accra neman na shekara biyu ya zama ruwan dare. Uwar da ke soya ƙosai tun asuba, tana kwana da lissafin wannan kuɗi, idan ta daka wa ɗanta mai shekara biyu tsawa ba rashin tarbiyya ba ne, damuwa ce ta cinye natsuwarta, kuma yaron da ke tashi cikin tsawa kullum shi ma yana ɗaukar nasa rabon. Ce mata ta ƙara juriya ba ya rage sidi ɗaya daga hayar.

Abin da ke ƙara mata juriyar a zahiri shi ne adashin da ke fitowa a kan lokaci, da mijin da ke karɓar yaro ta samu barci, da ma'aikaciyar jinya da za ta tambaye ta lafiyarta ranar awo bayan ta gama auna jariri. Tallafin kuɗi irin na shirin LEAP na taimakon gidajen matalauta, wanda gwamnati ta fara a 2008, yana cikin wannan sahu, kuma ɗan siyasar da ya zo Nima yana yabon juriya ya kamata a tambaye shi gidaje nawa ne a unguwar ke samunsa.