Katin inshora a aljihu, asibiti kuma sai an yi lissafi: fashin baƙin dokar Obamacare

A Amurka mutum zai iya biyan kuɗin inshorar lafiya wata bayan wata, shekara guda cur bai tsallake ko ɗaya ba, ranar da ya karye a hannu asibiti ya aiko masa da takardar biyan kuɗi, ya duba ya ga kamfanin inshorar bai sa ko sisi ba. Babu wanda ya damfare shi. Haka yarjejeniyar take a rubuce, doka kuma ta amince da ita. Wanda ya gane yadda hakan ke faruwa ya gane rabin rigimar da 'yan siyasar ƙasar suke tafkawa a kan dokar da ake kira Obamacare.

Sunanta na hukuma a taƙaice Affordable Care Act, wato dokar samar da kiwon lafiya cikin rahusa. Shugaba Barack Obama ya sa mata hannu ranar 23 ga Maris, 2010, bayan majalisar wakilai ta amince da ita da ƙuri'a 219, masu adawa 212. Ko ɗan jam'iyyar Rifabulikan ɗaya bai goyi bayanta ba a wannan ƙuri'a, tun daga nan ta zama abin faɗan jam'iyyu.

Kafin zuwanta, yawancin ma'aikata daga wurin aikinsu suke samun inshora. Wannan al'ada ta yi ƙarfi ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da gwamnati ta hana kamfanoni ƙarin albashi, sai suka koma jawo ma'aikata da alƙawarin biya musu kuɗin asibiti. A 1965 aka ƙirƙiro tsarin inshorar gwamnati guda biyu, Medicare domin 'yan shekara 65 zuwa sama, da Medicaid domin talakawa. Wanda bai faɗa cikin ko ɗaya daga waɗannan ba, kamar direban tasi, mai ƙaramin shago ko mai aikin wucin gadi, shi zai je ya sayi tasa da kansa. A nan kamfanoni suke cin karensu babu babbaka. Sai sun binciki tarihin lafiyar mutum tukuna. In yana da ciwon sukari, hawan jini, ko ya taɓa yin daji, su ƙi sayar masa, ko su tsuga masa kuɗin da ba zai iya ba, ko su sayar amma su ce banda wannan ciwon da ya zo da shi. A 2010 kusan kashi 16 cikin ɗari na mutanen ƙasar, wajen mutum miliyan 48, ba su da inshora kwata-kwata.

Masu tsara dokar sun kafa ta kamar murhu, a kan duwatsu uku. Dutse na farko: daga 1 ga Janairu, 2014, haramun ne kamfani ya ƙi sayar wa mutum inshora ko ya ƙara masa kuɗi saboda ciwon da yake da shi. An bar musu damar bambanta farashi bisa shekaru, amma kuɗin tsoho kada ya wuce ninki uku na matashi, sai mai shan taba da za a iya ƙara masa har rabin kuɗin. Sai dai in aka tsaya a nan, kowa zai zauna abinsa sai ciwo ya kama shi sannan ya garzaya ya saya, asusun ya cika da marasa lafiya, farashi ya haura. Shi ya sa aka kawo dutse na biyu: dole kowa ya mallaki inshora, in ba haka ba ya biya tara wajen biyan haraji. A 2016 tarar ta kai dala 695 kan kowane baligi, ko kashi 2.5 cikin ɗari na abin da gida ke samu, duk wanda ya fi yawa. To, ba a tilasta wa mutum sayen abin da ba shi da halinsa, don haka dutse na uku shi ne tallafi. Gwamnati ta buɗe kasuwar inshora a intanet, HealthCare.gov, inda take biya wa masu ƙaramin ƙarfi wani kaso na kuɗin wata, sannan ta faɗaɗa Medicaid ya haɗa da waɗanda samunsu bai wuce kashi 138 cikin ɗari na ma'aunin talauci ba, wato adadin samun shekara da gwamnati ke ɗaukar wanda bai kai shi ba a matsayin talaka.

Akwai wasu tanade-tanade da har masu zagin dokar ba sa son a taɓa. Yaro zai ci gaba da zama ƙarƙashin inshorar iyayensa har ya kai shekara 26. Riga-kafi da wasu gwaje-gwajen gano cuta da wuri kyauta ne. Kamfani ba zai ce ya kashe wa mutum kuɗi da yawa a rayuwarsa ya daina biya ba. Dole kuma kamfanin ya kashe aƙalla kashi 80 cikin ɗari na kuɗin da ya karɓa a kan jinyar mutane, in ya gaza ya mayar musu da rarar.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Kuɗin wata da mutum ke biya katin kawai yake saya masa. Bayan shi akwai abin da Amurkawa ke kira didaktibul, mu kira shi kuɗin share fage: adadin da mutum zai fara kashewa daga aljihunsa a cikin shekara kafin kamfani ya fara sa hannu. Bayan ya cika wannan ma ba a gama ba, sai a shiga raba kuɗin, shi ya biya wani kaso, kamfani ya biya saura. Ma'aikacin gwamnati a Najeriya da ya saba biyan kashi 10 cikin ɗari na kuɗin magani a tsarin inshorar ma'aikata ya san wannan rabon. Abin da bai sani ba shi ne a ce masa kafin a fara rabon sai ya kashe dubban daloli shi kaɗai.

Bari mu kwatanta. A ce wani mai gyaran mota ne a Houston, yana aikin kansa, yana biyan dala 450 a wata, wato dala 5,400 a shekara, kuɗin share fagensa kuma dala 7,000. A watan Maris ƙarfe ya faɗo masa a hannu, aka kai shi sashen gaggawa, aka ɗauki hoto, aka ɗaure. Kuɗi ya kama dala 4,000. Duka shi zai biya, domin bai kai 7,000 ba. Ribar da ya ci daga katin ita ce an yi masa lissafi da farashin da kamfanin ya daidaita da asibitin, wanda yawanci ya fi na marar inshora sauƙi. A ƙarshen shekara ya kashe dala 9,400, kamfani bai fitar da komai ba. Irin wannan mutum, ka ce masa dokar ta taimake shi, harara za ka sha.

Amma a ce ciwon zuciya ne ya kwantar da shi, aka yi masa tiyata, kuɗi ya kai dala 90,000. A nan katin yake nuna amfaninsa. Dokar ta sa iyaka ga abin da mutum zai biya daga aljihu a shekara guda, a 2025 dala 9,200 ne ga mutum ɗaya, 18,400 ga iyali, banda kuɗin wata, kuma matuƙar asibitin yana cikin jerin waɗanda kamfanin ke hulɗa da su. Da ya kai wannan iyaka, saura duk na kamfani ne. Ya tsira da gidansa da garejinsa. Sai dai lissafin yana komawa sifili ranar 1 ga Janairu, saboda haka wanda jinya ta kama shi a Disamba ta tsallaka da shi sabuwar shekara sau biyu zai share fagen.

A kasuwar gwamnati an kasa inshorar gida huɗu, aka sa musu sunan ƙarafa: tagulla, azurfa, zinare da filatinam. A matsakaici, tagulla na ɗaukar kashi 60 cikin ɗari na kuɗin jinyar masu ita, azurfa 70, zinare 80, filatinam 90. Ƙa'idar ba ta da wuya: duk inda kuɗin wata ya sauka, kuɗin share fage ya hau. A 2025 matsakaicin kuɗin share fage na tagulla ya haura dala 7,000. Mai ƙaramin ƙarfi kuma kuɗin wata yake fara kallo, domin shi ne zai fita daga aljihunsa gobe, sai ya zaɓi tagulla. Mutane da dama kan yi asara a nan, domin dokar ta tanadi wani rangwame na daban ga wanda samunsa bai wuce kashi 250 cikin ɗari na ma'aunin talauci ba, rangwamen da ke zaftare kuɗin share fage sosai, amma sai ga wanda ya zaɓi azurfa.

Masu inshorar wurin aiki ma ba su tsira ba. Binciken cibiyar KFF na 2024 ya nuna matsakaicin kuɗin inshorar iyali a shekara ya wuce dala 25,000, ma'aikaci yana biyan sama da 6,000 daga albashinsa, mai aiki ya cika sauran. Matsakaicin kuɗin share fage na mutum ɗaya kuwa ya kusa dala 1,800. Wannan hawan tun kafin Obama ya fara. A 2003, zamanin George W. Bush, aka kafa asusun ajiyar kuɗin jinya wanda ba a cire masa haraji, da sharaɗin mai shi ya ɗauki inshora mai babban kuɗin share fage.

Masu kare wannan tsari suna da hujja, kuma ba hujjar banza ba ce. Sun ce in komai kyauta ne mutum zai je asibiti ko atishawa ya yi, likita ya rubuta gwajin da ba a buƙata, kowa ya biya a kuɗin wata. In kuwa aljihunsa zai ji, zai yi tunani, ya tambayi farashi. Cibiyar RAND ta gwada wannan a wani babban bincike da ta fara a shekarun 1970 ta kammala a 1982, ta kuma tabbatar mutane suna rage zuwa asibiti in su za su biya. Matsalar ita ce sun rage zuwan da ba dole ba, sun kuma rage na dole. A ganina nan ne hujjar ta yi rauni. Marar lafiya ba likita ba ne, bai san ko zafin ƙirjin nan ƙwannafi ne ko zuciya ba. Wanda kuma aka ɗauko a motar asibiti ba ya cikin halin taya farashi kamar mai sayen buhun shinkafa.

Tushen abin shi ne tsadar jinyar kanta. A 2023 Amurka ta kashe kusan dala tiriliyan 4.9 a kan lafiya, sama da kashi 17 cikin ɗari na tattalin arzikinta, fiye da kowace ƙasa mai arziki nesa ba kusa ba. Obamacare ta tsara wa zai biya da yadda za a raba, amma ba ta ƙayyade wa asibitoci da kamfanonin magani farashi ba. Kuɗin da aka danne a gefen wata sai ya ɓullo a gefen share fage. Daga nan hanyoyi suka rabu. Sanata Bernie Sanders da magoya bayansa suna so gwamnati ta zama mai inshorar kowa, ta yi ciniki da asibitoci da murya ɗaya, a biya da haraji. 'Yan Rifabulikan suna cewa sharuɗɗan dokar ne suka tsawwala farashi, a bar kamfanoni su sayar da inshora mai arha wadda ba ta ƙunshi komai da komai ba, a zuba wa mutane kuɗi a asusun ajiyarsu. Yawancin 'yan Dimokurat sun tsaya a tsakiya: a bar dokar, a ƙara tallafi.

Duwatsun murhun sun sha girgiza. A Yunin 2012 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta ce tilasta sayen inshora halal ne domin tarar haraji ce, amma ta bar wa jihohi zaɓi a kan faɗaɗa Medicaid. Jihohi 40 da babban birnin ƙasar sun faɗaɗa, 10 sun ƙi, ciki har da Texas da Florida. A irin waɗannan jihohi ana samun baligin da talaucinsa ya yi yawa har bai cancanci tallafin kasuwa ba, Medicaid kuma ba ta karɓe shi ba. A Yulin 2017 saura ƙiris a soke muhimman sassan dokar, Sanata John McCain, ɗan Rifabulikan, ya juya babban yatsansa ƙasa cikin dare alamar bai yarda da sokewar ba, ƙudurin ya faɗi da 49 da 51. A Disambar shekarar dai aka mayar da tarar sifili, daga 2019, ko da yake jihohi kamar California da Massachusetts suna da tasu tarar. An zaci tukunyar za ta kife, ba ta kife ba. Ashe tallafin ne ke riƙe da ita. Zuwa 2023 marasa inshora sun sauko wajen kashi 8 cikin ɗari.

Baƙi mazauna ƙasar su lura da abu biyu: wanda ba shi da takardun zama ba a ba shi damar saye a kasuwar gwamnati, mai katin zama na dindindin kuma yawanci sai ya shekara biyar kafin ya cancanci Medicaid.

A 2021, lokacin korona, gwamnatin Joe Biden ta ƙara tallafin, ta yadda babu wanda zai biya fiye da kashi 8.5 cikin ɗari na samunsa a kan inshorar azurfa da ake auna farashi da ita. An tsawaita ƙarin zuwa ƙarshen 2025, masu saye a kasuwar suka haura miliyan 24. Takaddama a kan sake tsawaita shi ce ta rufe ayyukan gwamnatin tarayya na kwana 43, daga 1 ga Oktoba zuwa 12 ga Nuwamba, 2025, rufewa mafi tsawo da aka taɓa yi har zuwa lokacin, aka kuma buɗe ba tare da an tsawaita ba. In babu ƙarin, ƙa'idar asali ta 2010 ce ke aiki, inda tallafi yake yankewa tsaf a ninki huɗu na ma'aunin talauci, wato dala 62,600 ga mutum ɗaya bisa ma'aunin 2025. Mai gyaran motarmu na Houston, in kasuwa ta yi masa kyau samunsa ya ɗara wannan da dala ɗari kacal, tallafin duka ya tafi. In shekarunsa sun kai sittin, kuɗin watansa ya kusa ninka na ɗan shekara ashirin da ɗaya sau uku, abin da ya rage masa kuwa ya sauko daga azurfa zuwa tagulla, ko ya ajiye katin gaba ɗaya.