Benfica

Benfica, wadda cikakken sunanta shi ne Sport Lisboa e Benfica, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ce da ke Lisbon, babban birnin Fotugal. Ita ce ta fi kowace ƙungiya a ƙasar ɗaukar kofin gasar rukunin farko, domin a kakar 2022/23 ta ɗauka karo na 38. Kofin ƙalubale na ƙasar kuma ta ci shi sau 26. Manyan abokan hamayyarta su ne Porto da Sporting, maƙwabciyarta.

An kafa ta ranar 28 ga Fabrairu, 1904, a unguwar Belém, da sunan Sport Lisboa. Cikin matasan da suka kafa ta har da Cosme Damião. A 1908 ta haɗe da wata ƙungiyar unguwar Benfica da ta shahara a tseren keke, shi ya sa har yau ake ganin ƙafar keke a tambarinta, ƙarƙashin mikiya. Rigarta ja ce, wandon fari.

Zamanin da tauraronta ya fi haskawa shi ne shekarun 1960, kuma hannun Afirka a ciki ba ƙarami ba ne. A lokacin, 'yan Fotugal kaɗai ƙungiyar ke ɗauka, amma ana lissafa 'yan ƙasashen da Fotugal ke yi wa mulkin mallaka a cikinsu. Daga Mozambik Mário Coluna ya fito, ɗan tsakiya wanda daga baya ya zama kyaftin. Daga can kuma Eusébio ya iso a ƙarshen 1960. A ƙarƙashin koci Béla Guttmann, ɗan Hangari, Benfica ta doke Barcelona da ci 3-2 a Bern a 1961, ta ɗauki kofin zakarun Turai. Shekarar da ta biyo ta kare kambunta a Amsterdam: Puskás na Real Madrid ya jefa mata ƙwallo uku tun kafin a tafi hutun rabin lokaci, amma da aka dawo sai ta juye wa Real Madrid, aka tashi 5-3, biyun ƙarshe daga ƙafar Eusébio, yaro ɗan shekara ashirin. A 1965 ya zama gwarzon ɗan wasan Turai.

Bayan nasarar 1962 Guttmann ya nemi ƙarin albashi, shugabanni suka ƙi, ya tattara nasa ya nasa. Magoya baya na cewa sai da ya yi wa ƙungiyar baki, wai sai ta shekara ɗari ba ta ɗauki kofin Turai ba. Labari ne na baka, amma abin da ya biyo baya ya sa ya ƙi mutuwa. Wasan ƙarshe takwas ta je, duk ta dawo hannu rabbana: AC Milan a 1963 da 1990, Inter a 1965, Manchester United a 1968, Anderlecht a 1983, PSV a 1988, Chelsea a 2013, sai Sevilla a 2014. Biyu daga ciki, na PSV da na Sevilla, a bugun fanareti ta faɗi.

A gida kuwa ta ci gaba da cin karenta babu babbaka. A kakar 1972/73 ta buga wasa 30, ta ci 28, ta yi canjaras biyu. Daga baya bashi da rashin iya shugabanci suka durƙusar da ita, ta shekara goma sha ɗaya, daga 1994 zuwa 2005, ba ta ɗauki gasar ba, Porto na ta kwasa. Ta sake miƙewa sosai da ta ɗauka sau huɗu a jere daga 2014 zuwa 2017.

Filinta shi ne Estádio da Luz. Tsohon da aka buɗe a 1954 ya taɓa cin mutum 120,000. Sabon kuma an buɗe shi a 2003, yana cin kusan 65,000 a lokacin. Kafin a take ƙwallo, ana sakin mikiya mai rai ta zagaya saman 'yan kallo, sannan ta sauka a kan tambarin ƙungiyar.

Kuɗin talabijin na Fotugal bai kama ƙafar na Ingila ba, don haka yanzu Benfica da sayar da 'yan wasa take rayuwa. Makarantarta ta Seixal, da aka buɗe a 2006, ita ta reni Bernardo Silva da Rúben Dias da João Félix, wanda Atlético Madrid ta saya a kan Yuro miliyan 126 a 2019. Enzo Fernández kuwa wata shida kacal ya yi kafin Chelsea ta biya miliyan 121. Illar wannan tsari ita ce, da zarar tawaga ta fara haɗa kai, sai masu kuɗi su zo su zare jigonta. 'Yan ƙungiya masu rajista ne ke zaɓen shugaba, kuma a 2021 suka zaɓi tsohon ɗan wasansu, Rui Costa.