Daga Yashin Arkimidis Zuwa Allon Ajinmu

Duk shekara idan na zo kan darasin indisis a sakandaren ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim, nakan rubuta 2³ × 2⁴ a allo in koma gefe. Wasu su ce 4⁷, wasu 2¹², kaɗan ne ke cewa 2⁷, wato 128. Abin yana ci mini rai, domin yaran nan ba daƙiƙai ba ne. An ba su dokar ce a haddace, "idan tushe ɗaya ne a tara lambobin sama", ba a taɓa gaya musu daga ina ta fito ba.

Dokar ta girmi alamomin da muke rubuta ta da su. A ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Arkimidis, masanin lissafin Girkawa na birnin Sirakus, ya so ya ƙiyasta ƙwayar yashin da za ta cika sararin duniya. Lambobin Girkawa suka gaza masa, sai ya jera goma sau goma sau goma mataki-mataki, ya nuna cewa ninka matakai biyu daidai yake da haɗa lambar matsayinsu.

Inda na fi son tsayawa da ɗalibai shi ne Bagadaza. Wajen shekarar 820 Alkawarizmi ya rubuta littafin da kalmar aljabara ta samo asali daga sunansa, kuma babu x ko ɗaya a ciki, duk da kalmomi yake lissafi. Abin da aka ninka da kansa, wato mataki na 2, sunansa "mal", dukiya ke nan. Malaman da suka biyo shi suna kiran mataki na 3 "ka'ab". Wajen shekarar 1000 Alkaraji ya ci gaba da jerin: mal-mal shi ne na 4, mal-ka'ab na 5, ka'ab-ka'ab na 6. Duba da kyau, sunan kansa tarawa ne: biyu da uku, biyar. Yaron da ya yi allo ya san Larabci kaɗan, nan take idonsa yake buɗewa.

Turai ta zo daga baya. Nefiya, masanin lissafi ɗan Scotland, ya fitar da logarizim a 1614, wanda ya mayar da ninkawa tarawa. Aikinsa ne kakan teburin logarizim da muka sha wahalar dubawa kafin kalkuleta ta wadata. Dekat na Faransa ne a 1637 ya yaɗa ɗora ƙaramar lamba a kafaɗar harafi. Rubutun ya gajarta, amma ƙirgen ya ɓuya a bayansa.

Bana da kakar gyaɗa na shigo aji da ita cikin hula. Na ce kowace ƙwaya tana a matsayin lamba biyu, a jera uku, a jera huɗu kusa da su. Wata yarinya daga bencin baya ta ƙirga da yatsa, ta ɗago kai.

"Malam, ai biyun ba ta canza ba, yawanta ne ya zama bakwai."

Na miƙa mata alli ta rubuta da hannunta.