Ma'anar "Daidaiton Jinsi" a Ɗakin Binciken Magani

Duk 11 ga Fabrairu, ranar mata da 'yan mata a fannin kimiyya, sai ka ji gidajen rediyon Kaduna sun cika da "daidaiton jinsi". Wani ya ce ana so mace ta zama namiji, wani ɗan siyasa ya ƙirga kujeru ya ce an gama. Duka biyun sun kauce.

"Daidai" fuska biyu gare ta a Hausa. Akwai raba daidai, akwai kuma riga ta zo daidai. Masana haɗa magunguna sun san ta biyun da tsada. A 1977 hukumar magunguna ta Amurka ta ba da shawarar a cire matan da ke iya ɗaukar ciki daga gwajin farko na sababbin magunguna, sai a 1993 aka sauya. A 2013 ta rage wa mata maganin barci na Zolpidem daga miligiram 10 zuwa 5, domin yana daɗewa a jininsu, wasu su wayi gari suna tuƙi da magagi. An raba daidai, amma bai zo daidai ba.

Haka abin yake a kimiyyar sinadarai ta kwamfuta, inda ake gwada ko ƙwayar sinadarin magani za ta shige gurbin furotin kamar makulli da kwaɗo. Ɗalibai a Zariya da Kaduna suna yin gwajin farko da wata manhaja mai suna AutoDock Vina a kan laftof. Amma bibiyar motsin ƙwayoyin tana cin kwanaki, tana son babbar na'ura da wutar da ba ta yankewa. Idan da dare ake samun na'urar, ɗalibar da dole ta koma gida kafin magariba ta rasa layi, ko da an ce ƙofa a buɗe take ga kowa. Maganinsa ba taro ba ne: a ba kowa damar shiga na'urar daga gida ta intanet, a rubuta jerin layi, a kuma tsayar da wanda sunansa zai zo farko a takardar bincike tun kafin a fara aiki, don a nan ake yawan danne wahalar mata.

Batun iyawa kuwa, ban ga abin musu ba. Dorothy Hodgkin ta ƙasar Birtaniya ce ta gano siffar sinadarin fenisilin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, a 1945. Tu Youyou ta ƙasar Sin ce ta fitar da sinadarin atemisinin daga tazargade, kuma sinadarin nan shi ne ginshiƙin maganin zazzaɓin cizon sauro da muke saye a kemis.