Dokar da ke datse albashin 'yan majalisa idan kasafin kuɗi ya makara

A jihar Kalifoniya ta Amurka, kundin tsarin mulki ya wajabta wa majalisar dokoki ta zartar da kasafin kuɗi kafin ƙarfe sha biyun daren 15 ga Yuni, domin sabuwar shekarar kuɗi tana kamawa ne ranar 1 ga Yuli. An daɗe ana yi wa wannan wa'adi riƙon sakainar kashi. A 2010 sai da aka shiga watan Oktoba kafin gwamna ya sa hannu, kuma a irin wannan tsaiko ɗan kwangilar da ya riga ya sauke kaya a asibitin gwamnati shi ne ke zaman jiran kuɗinsa, ga ma'aikatansa suna kallonsa a ƙarshen wata.

A watan Nuwamba na 2010 masu zaɓe suka amince da ƙudiri mai lamba 25. Ƙudirin ya sauko da adadin ƙuri'un da ake buƙata don zartar da kasafi daga kashi biyu bisa uku zuwa rinjaye kawai, sannan ya tanadi cewa duk ranar da ta wuce bayan wa'adi ba a miƙa wa gwamna kasafi ba, kowane ɗan majalisa ya yi asarar albashinsa da alawus ɗinsa na wannan rana, kuma ba za a biya shi daga baya ba. A ganina wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ƙashin bayan dokar, domin a jihar New York riƙe albashin kawai ake yi, da zarar kasafi ya fito sai a biya mutum kuɗinsa cif.

An gwada dokar tun a 2011. Majalisa ta zartar da kasafi ranar 15 ga Yuni, washegari Gwamna Jerry Brown ya ƙi sa hannu, sai kwanturolan kuɗin jihar, John Chiang, ya ce kuɗin shiga da na kashewa ba su daidaita ba, don haka ya tsayar da albashin. Shugabannin majalisa suka garzaya kotu, kuma a 2012 alƙali ya yanke cewa kwanturola ba shi da hurumin auna ingancin kasafin da majalisa ta zartar, hukuncin da kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2014.

Abin da ke damuna shi ne, tun daga nan majalisar da ake son hukuntawa ita ce ke faɗin ko ta cika sharaɗi. Takan zartar da kasafi a kan lokaci, albashi ya tsira, sannan ta ci gaba da ciniki da gwamna tana gyara shi da wasu dokoki bayan wa'adin ya wuce.