Jin Harshe Biyu Ba Ya Jinkirta Maganar Yaro

A gidan da uba yake Bahaushe uwa kuma Bafulatana, idan yaro ya kai shekara 2 bakinsa bai buɗe sosai ba, dangi sukan ce harshe biyu ne ya rikita shi, a daina yi masa Fulatanci har sai Hausarsa ta zauna. Masana a Turai da Amurka ma sun daɗe suna riƙe da wannan fahimta, har zuwa 1962, lokacin da Elizabeth Peal da Wallace Lambert suka gwada yara 'yan shekara 10 a birnin Montreal na Kanada, suka tarar masu jin Faransanci da Ingilishi sun zarce masu harshe ɗaya a yawancin gwaje-gwajen basira.

Yaron da ke jin harshe biyu yana bin matakan da kowane yaro yake bi: gwaranci wajen wata 6, kalmar farko wajen shekara 1, sannan haɗa kalmomi biyu wajen shekara 2. Inda iyaye ke kuskure shi ne wajen ƙidaya, domin yaron da ke cewa "ruwa" da Hausa, ya kira nono "kosam" da Fulatanci, kalmomi biyu ya mallaka, amma kakarsa ta wajen uba ɗaya kawai za ta lissafa masa. Cakuɗa harsunan a jimla ɗaya kuwa, abu ne da manya masu harshe biyu ma suke yi.

Idan jinkirin na gaske ne, zai bayyana a harsunan biyu gaba ɗaya, kuma abin da ya kamata a fara dubawa a asibiti shi ne jinsa, musamman yaron da kunnensa ke yawan zubar da mugunya.