Furfura kaɗai ba ta kawo natsuwa

Mutane da yawa na ɗauka cewa da zarar furfura ta fito, natsuwa ta zo ke nan. Mu da ke aikin lafiya mun san ba haka abin yake ba. Wani ɗan shekara 75 za a gaya masa sakamakon gwaji marar daɗi, ya yi shiru, sannan ya tambayi abin da ya kamata ya yi. Wani tsaransa kuwa ɗan saɓani da jikansa ya isa ya hana shi barci.

Shekaru na taimakawa, babu musu. Laura Carstensen, masaniyar halayyar ɗan Adam a Jami'ar Stanford ta Amurka, ta nuna cewa idan mutum ya fara jin kwanakinsa na raguwa, yakan rage tarkacen abokai, ya riƙe na kusa, ya daina ɗaukar ƙananan abubuwa da zafi. Amma sai da lafiya. A 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 14 cikin 100 na masu shekara 60 zuwa sama na fama da larurar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa da fargaba.

Mata sun fi maza tsawon rai, don haka su suka fi ɗanɗana rashin abokin zama, kuma ciwon damuwa ya fi kama su. Sai dai mace takan samu wadda za ta buɗe wa cikinta. Namiji ne ya fi ba mu wahala. Tun yana yaro aka koya masa haɗiye abin da ke ransa. Ranar da ya ajiye aiki, abokan hira suka watse, ba zai ce yana cikin ƙunci ba. Zai zo yana kukan ciwon kai da rashin barci, a gida kuma a ce tsoho ya zama mafaɗaci.

Ilimi ma na da hannu. A 2020, kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya lissafa ƙarancin karatu cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin ciwon mantuwa. Wanda bai yi boko ba kada ya karaya, domin karatu ko wane iri, da koyon sabuwar sana'a, suna motsa ƙwaƙwalwa.

Idan dattijonku ya daina shiga mutane, ya rage cin abinci, ko halinsa ya canza har ya haura mako biyu, kada ku ce tsufa ne kawai. Ku kai shi asibiti, ku roƙa a duba har da jinsa, domin wanda kunnensa ya yi nauyi yakan janye jiki daga hira.